Kasat ɗin Baban Rut

Safiyatu ta danne murfin kwalin da gwiwa, Dabora ta ja igiya ta ƙulle. Shi ne na ƙarshe. Ɗakin ya yi wayam, sai shatin gado a jikin bango. A waje babura na ta wucewa da jarkokin mai, sun nufi hanyar Maraɗi.

Tun Safiyatu tana amarya suke maƙwabtaka, katanga kawai ta raba su. Mijin Dabora, Zakariya, ma'aikacin kwastan ne a bakin iyaka, ya rasu bara waccan. Ta ci gaba da sayar wa direbobi tuwo har aka fara aiki da shari'ar Musulunci, aka yi rikici a Kaduna. A Jibiya ba wanda ya yi mata ko kallon banza, amma ɗiyarta Rut ta dame ta da saƙo daga Zuru, lallai ta dawo gida. Yau motar wake ta Arzika direba za ta tafi da ita.

"Wanga fa?" in ji Safiyatu, ta jawo wani buhu daga bayan ƙofa. Tsohuwar rikoda ce da kasakasai.

"Na Baban Rut ne. Tun da aka hana kiɗa ban kunna ba. Kunyar Malam nike ji."

Malam shi ne Yahya, mijin Safiyatu. Yanzu yana cikin kwamitin da ke zagaya tasha yana hana masu kasat sakin waƙa, har wasunsu sun kwashe tebur sun tsallaka Nijar.

"Ya tafi la'asar," in ji Safiyatu. "Kunna mana ko ɗaya, Maman Rut. Ba mu san ranar sake haɗuwa ba."

Ba wuta, sai suka zare batiran tocilar Dabora. Kasat ɗin ya yi shuu, sannan muryar mai gabatarwa ta fito. Shirin Asabar ne na da, wanda ake jera waƙoƙin da suka fi tashe, daga ta goma har ta ɗaya. Zakariya kan kara rikoda a bakin rediyo ya ɗauka. Da kiɗan jita ya shigo, Safiyatu ta ji kamar an yaye rufin ɗakin. Ba ta taɓa sanin me Turancin ke cewa ba, amma bakinta ya riga ta, yana bin amshin yadda suka saba murɗe shi. Ta ga tsakar gidan nan an shimfiɗa tabarmi, Rut na rarrafe, ana gasa masara.

Can cikin kiɗan wani namiji ya ce, "Ku yi shiru mana, ɗauka nike!"

Dabora ta dafe ƙirji. Muryar mijinta ce. A bayansa wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ke ce wannan," in ji Dabora. "Ba ki taɓa bari ya ɗauki waƙa lafiya ba."

Suka zauna bisa kwali, kafaɗa na gugar kafaɗa, hawaye na zuba suna dariya. Waƙa ta bi waƙa. Ba su lura kiɗan ya fara ja da ƙyar ba, ba su kuma ji sallama ba sai a karo na biyu.

Malam Yahya ne a bakin ƙofa, da carbi a hannu, rediyonsa na jin labarai rataye a kafaɗa. Safiyatu ta miƙe. Ba faɗan da zai yi mata take tsoro ba. Tsoronta kada kalmar ƙarshe da Dabora za ta tafi da ita daga gidansu ta zama ta tsawa.

"Malam, ni na ce ta kunna."

Kafin ya buɗe baki, wani saurayi a cikin kasat ya ɗaga murya: "Oga Zakariya, don Allah ƙara mana sauti, wagga ce tawa!"

Muryar Yahya ce, tun yana saurayi. Safiyatu ta dubi furfurar gemun mijinta, ta tuna shi da wando mai faɗin ƙafa da suma kamar kwando.

"Maman Rut," ya ce a hankali, "waƙar ga ba haka take tafiya ba. Batir ya mutu."

Ya sauke rediyonsa, ya zazzage batiran a tafin hannu, ya miƙa wa matarsa ba tare da ya dube ta ba.

"Ku rage murya dai."

Ya fita ya tsaya a ƙofar gida, ya ba su baya. Kiɗan ya miƙe, ganguna suka koma wurinsu. Ba a jima ba motar wake ta tsaya a waje tana hon.

"Malam, a fito da kaya!" in ji Arzika. "Rana na yi mana nisa."

Safiyatu ta kai hannu za ta kashe, sai ta ji muryar mijinta.

"Kashe motarka, Arzika, ka sauko ka sha ruwa. Ba su shirya ba tukuna."