Ƙofar da Callum Ya Rufe

Taya ta biyu ta fashe ne wajen ƙarfe goma na safe, daidai inda hanyar ta gangara tsakanin jajayen duwatsun kwazazzabo. Tayar safaya kuwa tun jiya aka ɗaura ta. Noeleen ta juya ta dubi mijinta Des, shi kuma ya ƙura wa sitiyari ido kamar shi ne mai laifin.

"Hanyar da ka sani kamar yunwar cikinka ke nan?"

"Shekara arba'in da suka wuce ba haka take ba."

"Kai ma shekara arba'in da suka wuce ba haka kake ba, tsoho."

Des ya yi kiwon shanu a wannan yanki na Kimberley yana saurayi. Shi ya nace da asuba, bayan sun naɗe tanti, a saki babbar hanya don ya nuna wa 'yarsu Bronwyn da mijinta Callum wani tafki da yake iyo a ciki a da. Tafkin ya ƙafe, babu wanda ya san sun biyo nan, waya kuma ba ta kamawa. Ruwansu jarka ɗaya ce, su huɗu. Amma abin da ya fi tsaya wa Noeleen a rai shi ne allurar ciwon sugan Des. Ƙanƙarar da ke cikin kular da aka ajiye allurar ta fara narkewa, maganin kuwa ba ya shiri da zafi.

Callum ya gyara zaman sabuwar malafarsa. "Bari in taka zuwa babbar hanya, Noeleen. Kilomita arba'in ne kawai."

"Kawai? Zauna. A dajin nan mota ake gani daga nesa, ba mutum ba."

Gaskiya dai ba ta taɓa ɗaukar surukin nan da nauyi ba. Ɗan birni ne daga Melbourne, mai ladabi har ya yi yawa, wanda bai san gaban saniya da bayanta ba. Suka ɗaura tamfol a jikin mota suka fake. Can Callum, don ya sanyaya musu rai, ya ce ai ko ba komai shanu ba za su dame su ba, tunda ya rufe ƙofar.

Des ya ɗago. "Wace ƙofa?"

"Ta shingen da muka wuce da asuba. Kuna duba taswira na sauka na zagaya, na ga an manta ta a buɗe."

"An manta?" Noeleen ta dafe kai. A gidan kiwo aka haife ta, tun kafin ta iya ɗaura takalmi ta san dokar: ƙofa yadda ka same ta haka za ka bar ta. Idan a buɗe take, mai ita ne ya buɗe don shanu su kai ga ruwa. "Ka raba shanun mutane da rijiya a wannan zafin! Kai dai ba ka da amfani ko na sisin kwabo."

"Mama, ya isa haka," in ji Bronwyn.

Callum ya sunkuyar da kai. Da aka zo rabon ruwa, Noeleen ta lura ya jiƙa leɓe kawai ya tura wa Des kofinsa. Ta gani, ta kawar da kai.

Zuwa ƙarfe uku ƙanƙara ta zama ruwan ɗumi. Des ya daina barkwanci, ya jingina da taya yana numfashi sama-sama. Noeleen tana yi masa fifita da taswira. Shekara talatin da biyar suna faɗa, ba ta shirya rabuwa da abokin faɗanta ba.

Sai ga ƙarar inji. Wata tsohuwar akori-kura ta gangaro a guje, kare yana haushi a baya. Mace ce ta diro, gajera, ta kusa saba'in, fuska a murtuke.

"Wane shashasha ne ya rufe mini ƙofa? Shanu ɗari uku tun safe suna kuka a bakin shinge! Sawun tayarku na biyo, yau sai na ga ko wane ne!"

Callum ya ɗaga hannu a hankali, kamar ɗan makaranta.

Ta buɗe baki za ta wanke shi tas, sai idonta ya sauka kan Des. Ta haɗiye sauran. Sunanta Merle Duthie, ita ce mai garken. Kafin ka ce kwabo ta sauke ruwan sanyi, ta jefa maganin cikin firjin motarta, ta kira asibiti ta rediyo, ta tura wa Callum taya da ƙafa.

"Kun taki sa'a," ta ce tana kallon Des yana kwankwaɗar ruwa. "Sai in yi wata biyu ban leƙo kwarin nan ba. Ba don ƙofar ba, me zai kawo ni?"

Noeleen ta riƙe hannun Merle. Hawaye suka zubo mata, kuma ba ta ji kunyarsu ba.

Da yamma suka bi bayan Merle har shingen. Ƙofa na buɗe, shanu sun yi dafifi a kwamin ruwa. Merle ta tsaya ta leƙo ta taga, ta nuna Callum da haɓa.

"Wannan surukinki ne? Sai haƙuri."

"Nawa ne," in ji Noeleen. "Kuma ba na musaya ba ne."

Callum, da ke tuƙi yanzu, ya dubi ƙofar, ya dubi Noeleen ta madubi.

"Wuce, ɗana," ta ce, tana miƙa masa kofin ruwa cike har baki. "Bar ta yadda ka same ta."