Labarin da Akawu Ya Buga

Jinjiri ya ajiye sukudireba a kan rediyon da yake gyarawa, ya ce, "To da ta buɗe ƙofar, wa ta gani?"

"Ba kowa," in ji Salmanu. "Sai takalman mijinta a bakin ƙofa, ruwan teku na tsiyaya daga cikinsu. Mijin da ya nutse shekara bakwai da suka wuce."

"Sai me?"

"Sai gara. Ita ta cinye sauran shafukan."

Mani ya yi dariya har da buga ƙafa. Duk ranar kasuwar Safana, da an sallame Azahar, a nan suke haɗuwa a rumfar Jinjiri mai gyaran rediyo, su huɗu. Mani malamin asibiti ne. Salmanu malamin firamare ne, cikin waɗanda aka ɗiba bara da gwamnatin soja ta ce kowane yaro ya shiga makaranta kyauta. Badaru kuwa akawun kotu ne. Abu ɗaya ya haɗa su, son littattafan ban tsoro, irin tsofaffin nan na Turanci da ake shimfiɗawa a bakin titi a Kaduna, wani ba bango, wani ba ƙarshe. Kowa ya gama nasa sai ya kawo a yi musaya. Jinjiri ba ya jin Turanci, don haka sai a ba shi labari da baki, shi kuma ya yanke hukunci.

Akwai ta biyar da ba ta zuwa rumfar, wato Asama'u, ƙanwar Salmanu, wadda ke makarantar horon malamai ta mata, ta zo hutu. Ta fi su duka cin littafi. Ita Mani yake nema, har magana ta kai ga manya.

"Kai me kake karantawa, Likita?" Salmanu ya tambaya.

Mani ya zaro nasa daga aljihu. "Wani tela ne. Duk wanda ya auna wa riga, kwana uku ake binne shi. Na kai inda matarsa ta farka ta ga yana auna ta. Ka karɓa in na gama, amma kada ka fara shi kana jiƙa gari, za ka manta da shi ya kumbura."

"Wannan ya yi," in ji Jinjiri. "Tela dai kowa ya san shi."

Badaru kuwa bai zauna tare da su ba. Yana kan sabon babur ɗinsa da ya kafe a inuwa, yana kaɗa makulli a yatsa. Sai yanzu ya sauko.

"Ni tsoron Turawa ya ishe ni," ya ce. "Kullum ƙanƙara, kullum kyandir, kullum gidan sama. Wa ya taɓa ganin teku a cikinmu? Yau namu na kawo muku, da Hausa, don Jinjiri ya ji da kunnensa."

Ya fito da takardu daga jaka, an buga su da tafireta, har kwafi uku. Ya ce ana kwashe tsofaffin fayiloli ne a wurin aiki ya ci karo da wata shari'a ta shekara ashirin da suka wuce, ya zauna ya mai da ita labari. Ya gyara murya ya fara.

Labarin wata mata ce mai suna Turai, mai sai da daddawa a wani ƙauye wajen Karare, ƙasar Batsari. Idonta na hagu fari ne fat, ƙaramin yatsanta na dama kuma guntu ne. Wata rana ta shafa kan ɗan maƙwabciyarta ta ce, yaron nan ya yi ƙiba. Kafin gari ya waye wuyan yaro ya sanƙare, yana kiran sunanta.

Tun a layi na uku Mani ya daina jin hayaniyar kasuwa. Sunan kawai aka sauya. Ba Turai take ba, Kulu take, kuma ita ta haife shi.

Badaru ya iya karatu. Ya san inda zai sassauta murya, ya san inda zai tsaya. Ya karanta yadda matar take ajiye kurwar yara a tukunyar daddawa, yadda tukunyar take kuka in an ɗora ta a wuta. Wannan duk ƙirƙirarsa ce. Amma da ya zo inda mutanen gari suka jawo ta tsakar rana, suka tuɓe mata zane, suka ce ta tsallake yaron sau uku ta sakar masa kurwa, bai ƙara komai ba. Haka aka yi. Mani yana da shekara bakwai a lokacin, yana riƙe da katangar kara yana kallo. A takardar ma an ambace shi: ɗanta na tsaye, bai yi kuka ba, yana lasar leɓe.

Bai lashi leɓe ba. Fitsari ya yi a wando.

Kuma akwai abin da Badaru ya tsallake. Alƙali ya wanke ta, ya ci tarar waɗanda suka tuɓe ta. Yara goma sha ɗaya suka mutu a ƙauyen a wannan bazara. Yanzu Mani ya san sunan cutar, sanƙarau ce, yana da allurarta a kabad ɗin asibiti. Wankewar alƙali ba ta sa kowa ya ƙara sayen daddawarta ba. Ubansa ya sake ta, kawunsa ya ɗauke shi zuwa Katsina, can ya yi karatu. A Safana abin da aka sani shi ne ɗan gidan wani mai kanti ne a Katsina, asalinsu wajen Batsari.

Badaru ya kai ƙarshe, ya naɗe takardun. Jinjiri ya tofa a cikin rigarsa.

"A'uzubillahi! Akawu, ka gama da ni. Tsigar jikina duk ta tashi."

"Wallahi ya fi duk na Kaduna," in ji Salmanu. "Ba ni kwafi ɗaya. Asama'u za ta haukace a kansa."

Badaru ya miƙa masa, amma idonsa na kan Mani. Bara shi ma ya aika neman Asama'u, aka ba shi haƙuri.

"Likita bai ce komai ba. Ai wajenku ne. Ko ka san matar?"

Mani ya dubi takardun. Magana ɗaya ce, ya ce sanƙarau ce, ya ce alƙali ya wanke ta. Amma daga nan za a tambaye shi yadda aka yi ya sani. Kuma kowa a rumfar nan, har Salmanu mai koyar da kimiyya, da abu ɗaya ya tashi: maita a nono ake shan ta.

"Na dai taɓa jin labarin," ya ce. "Ka iya rubutu, Akawu. Tukunyar nan ta yi."

"Ko? Na gode. Yabonka ya fi na kowa a wurina."

Jinjiri ne ya fara ganinta. Hannunsa ya tsaya a kan rediyo. Wata tsohuwa ce tsaye a bakin rumfa cikin rana, da ƙullin kaya a ka, ta yafa sabon mayafi wanda ko guga bai sake shi ba. Ta yi sallama. Ta ɗago hannun dama ta dafe kayan, ƙaramin yatsan guntu. Idon hagu kuwa ba ya ɓoyuwa.

Ba wanda ya amsa sai Badaru.

"Wa alaikumus salam, Iya. Kin gane wurin ashe. Da safe na gan ta a tasha tana tambayar malamin asibiti, na ce in an yi Azahar ta zo nan."

Kulu ta yi murmushi, tana neman fuskar ɗanta. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne. Sau biyu a shekara take zuwa, ta bayan asibiti, ta koma kafin La'asar. Wannan karon bai san da zuwanta ba. A wasiƙar da ya aika a karanta mata ne ya ambaci maganar aure.

Jinjiri ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin benci. Salmanu ya dubi takardar da ke hannunsa, ya dubi tsohuwar, ya dubi Mani.

"Majinyaciya ce," in ji Mani. Muryarsa ta fito daidai, har shi ma ya yi mamaki. "Ciwon gwiwa. Iya, ai nan ba wurin aiki ba ne. Je ki asibiti ki jira ni."

Inna yake ce mata tun yana rarrafe. Ta tsaya kaɗan, murmushin na nan a fuskarta kamar ta manta da shi. Ta dubi samarin ɗaya bayan ɗaya, ta dubi ƙafafun Jinjiri da ke ɓoye. Sannan ta ɗan rusuna, irin yadda talaka ke yi wa ma'aikaci.

"To, Malam Likita. A yi mini aikin gafara, ban san ana hutawa ba."

Ta juya ta shiga cikin 'yan kasuwa.

"Kai!" Jinjiri ya sauke numfashi. "Kun ga idon? Kun ga yatsan?"

"Hakiya ce kawai, ta cika ƙauye," in ji Badaru, yana murza makulli a babur. "Ni na zaɓo ta ne don na ga ta yi kama da ta labarin. Wasa ne. Ko ba haka ba, Likita?"

Salmanu ya fashe da dariya, ya daki kafaɗar Badaru. "Mugu! Saura kaɗan in zura da gudu."

Mani ma ya yi dariya. Ya zauna har aka gama gardamar wanda zai karɓi littafin tela bayan Salmanu, sannan ya ce bari ya je ya duba majinyaciyarsa.

Ba ta asibiti. A tasha ya same ta, a bayan akori-kura mai zuwa Batsari, tsakanin buhunan gishiri da wata akuya ɗaure. Ya tsaya a gefen motar, ya rage murya.

"Inna."

"Ka ci abinci kuwa? Ka rame."

"Inna, ki sauko mu je gida."

"Wane ne yayan yarinyar a cikinsu? Mai farin gilashi?"

"Shi ne."

"Yana da fuskar mutunci." Ta kwance ƙullin, ta fito da kwano mai murfi. "Man shanu ne, na ce a kai wa uwarta. Ka ce a kasuwa ka saya."

Bai miƙa hannu ba, sai ta ɗora kwanon a kan ƙarfen motar.

"Mai babur ɗin nan ya san ni," ta ce. "Da safe sai da ya kira sunana, da sunan ubanka. Ka yi hankali da shi, ka riƙa gaishe shi." Ta gyara mayafi. "Ranar ɗaurin aure kada ka aiko. Gwiwar ma da gaske tana ciwo."

Direba ya tayar da mota, Mani ya yi sauri ya cafe kwanon kafin ya faɗi. Ba ta waiwayo ba. Akuyar take riƙewa don kada ta taka mata kaya.

Bayan La'asar ya yi wanka ya nufi gidan su Salmanu, kamar yadda ya saba duk ranar kasuwa. Aka shiga da man shanun, aka fito masa da godiya. Yana zaune a zaure Asama'u ta fito da sauri, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba, takardun Badaru na hannunta.

"Malam, ka ji wannan? Sau biyu na karanta, na kuma karanta wa su Innarmu a tsakar gida. Har girki ya kama. Ka ga abin da nake faɗa maka, namu ya fi shiga jiki."

"Ya yi ƙoƙari."

"Amma ya bar abin da ya fi ban tsoro. Yaron. Ka duba, ya sha nononta, ya tsaya yana kallo bai yi kuka ba. Yanzu ya zama babban mutum, yana wani gari, ana cin abinci da shi kwano ɗaya, ba wanda ya sani." Ta rungume hannuwanta tana murmushi, kamar mai jin sanyi mai daɗi. "Yaya Salmanu ya ce ka san labarin tun da. Ina yaron yake?"

Daga cikin gida ana jiyo ƙarar ludayi a tukunya, da ƙamshin man shanu da aka zuba a miya.

"An ce ya mutu," in ji Mani. "Tun yana ƙarami."

"Alhamdu lillahi," ta ce. "Gara haka."

Ta zauna a bakin tabarma, ta jera takardun a cinyarta ta daddanne gefensu da kyau.

"To, ba ni labarin telan nan. Ka kai ina?"