Ƙwaina a Bayan Babur

Kai ka fasa mini ƙwai, Shugaba. Na san za ka ce hannunka bai taɓa kiret ɗina ba, kuma ranar ma ba ka bi hanyar ba. To da baki ka fasa su, kana zaune a bencinka na tashar masu babur, kana kaɗa makulli a yatsa kamar wanda ya gaji garin.

Tun rasuwar maigidana kaji nake kiwo a bayan gida. Da su nake ci, da su nake sayen maganin gwiwa. Da safe in tsince ƙwan, in goge da tsumma, in jera a kiret, in kai wa mai burodi na bayan kasuwa. Shi ne babban mai sayena. Ranar da ya sake ni, duk masu shagon unguwar nan in sun haɗu ba za su kwashe abin da kajina ke yi ba.

Duk shekarun nan mutum ɗaya ke kai ni, wanda kuka laƙaba wa Sannu-Sannu don ku riƙa yi masa dariya. Babur ɗinsa tsoho ne, baƙi, kujerarsa doguwa a shimfiɗe kamar benci, ga kariya a baya, ƙarfen nan da ake ɗaure kaya a kai. Sai ya ninke tsohon bargo ya ɗora a kan kariyar, ya jera kiret, ya ja roba ba tare da ya matse ba, ni kuma in zauna a tsakiya in miƙa hannu baya in dafe. Hanyar bayan kasuwa ya san ta kamar yunwar cikinsa. Ya san ramin da ake kauce wa, ya san wanda ake shiga a hankali a fita. Ban taɓa kai wa mai burodi fasasshen ƙwai ba.

Sai ka sa shi gaba. Kullum na zo ina jin ku: wai babur ɗinsa ya tsufa, wai yana shan mai kamar rijiya, wai hayaƙinsa na korar fasinja, wai yana ba tasha kunya. Da kanka ka kawo masa mai saye, ka ce ya rabu da shi tun yana da sauran daraja, dillali na nan tafe da sababbi iri-iri, kowa ya zaɓa. Bawan Allah ya sayar. Ganin hadari ya sa kuka yi wanka da abin da ba na son faɗa. Dillali bai zo ba, Sannu-Sannu ya koma tafiyar ƙasa, ni kuma na tsaya a ƙofar gida da ƙwaina ina kallon hanya.

Da na zo na yi maka magana, ko miƙewa ba ka yi ba. Ka ce babur ai babur ne, ka haɗa ni da Walƙiya. Ba ni da abin faɗa a kan Walƙiya, mutum ne mai ladabi, har durƙusawa yake in zai gaishe ni. Amma nasa babur ɗin ja ne, bayansa a ɗage kamar jelar zakara, babu kariya, kujerar kuma gangare ce. Dole na rungume kiret a ƙirji. Duk ya taka birki sai in zame gaba, ƙwai ya matsu tsakanin ƙirjina da bayansa. Kafin mu wuce tudun nan na rage gudu da ke gaban kasuwa, gwaiduwa na bin zanena, tana bin rigarsa, ƙudaje na biye da mu kamar 'yan rakiya.

Mai burodi ya duba, ya zaɓi waɗanda ba su fashe ba. Da aka maimaita, sai ya ja ni gefe.

"Iya, tanda ba ta jiran kowa. Ina jin nauyinki, amma in aka sake, zan nemi wani."

Tun daga ranar a ka nake ɗauka, da ƙafa, da wannan gwiwar, abin da wuyana zai iya. Rabin abin da yake so ma ba ya kaiwa.

Ranar da dillali ya ga damar zuwa, ina tafe da kiret a ka na hango tashar ta cika. Ya sauke babura uku a gindin bishiya, sai sheƙi suke, ko ledar kujera ba a cire ba, amma ba ko ɗaya mai kariya. Ɗaya dogo ne mai manyan tayoyi. Ɗaya irin na da ne, sabon fita. Na ukun kuwa na batir ne, wanda ba ya shan mai sai caji.

Musu ya kaure. Masu son dogon suka ce damina ba ta tsorata shi, rami kuwa tsallake shi yake. Masu son irin na da suka ce kayan gyaransa ko a shagon mai faci akwai, kowane makaniki ya san cikinsa. Masu son na batir suka ce an huta da layin gidan mai, an huta da juyen baƙin mai. Wani ya ce to in cajin ya ƙare a tsakiyar hanya fa, goya shi za a yi? Wani ya ce babur ɗin da ba ya ƙara, ta yaya fasinja zai san ka iso, ta yaya akuya za ta ba ka hanya? Sannu-Sannu yana tsaye a tsakiya, hannuwa a baya, duk wanda ya yi magana sai ya juya ya gyaɗa masa kai.

Sannan aka fara gwaji irin naku. Mutum ya hau shi kaɗai, ya murɗa, ya sheƙa zuwa shataletale ya dawo, ya sauka yana cewa wallahi akwai ƙarfi. Wani ya karɓa, shi ma shi kaɗai. Haka kuka yi ta yi, kujerar baya ko ƙuda bai zauna a kai ba. Na sauke kiret ɗina a kan bencinka.

"Ku tsaya in tambaye ku. A cikinku wa ake biya don ya ɗauki kansa?"

Aka yi dariya. Kai ba ka yi ba.

"Iya, ki je gida ki huta. Wannan harkar masu tuƙi ce."

"Na haifi wanda ya girme ka. Kai gaba kake zama, ni baya nake zama, kuma na baya ke ciyar da na gaba. Sai na hau."

Dillali ya ce shi ba a ɗora masa ƙwai a sabon kaya, in ya fashe wa zai wanke. Na ce ƙwan nawa ne, zanen nawa ne, in ya fashe ni zan wanke masa har taya. Ana cikin haka Sannu-Sannu ya ce shi dai abin da Iya ba ta zauna a kai ba, ba zai saya ba. Dillali ya dubi fuskarsa, ya ga da gaske yake, ya miƙa masa makulli.

Dogon aka fara kawowa. Na ɗaga ƙafa, ta ƙi kaiwa. Mutum biyu suka kama ni za su ɗora, na ce su sauke ni, ni ba buhun siminti ba ce. Na tambaye su mace mai ciki fa, tsoho da aka sallamo daga asibiti fa, su ma cicciɓar su za a riƙa yi a bakin titi? Walƙiya ne ya ce a sayo tsani a haɗa da shi, aka kwashe da dariya, aka mayar da dogon gindin bishiya.

Irin na da kuwa, ina zama na ji kamar na koma ɗakina. Shi nake so, shi na zo in zaɓa. Muka bi hanyar bayan kasuwa muka dawo, yana karkarwa yadda nasa na da yake yi, ƙwai na ƙwanƙwasar juna a hankali. Ba wanda ya fashe. Na ce magana ta ƙare. Sannu-Sannu ya sosa ƙeya ya ce don Allah in daure in hau na ukun.

Ni da ma na gama zagin wannan na batir ɗin. Abin da ba ya tari, ba ya numfashi, ya zo ta bayanka kamar ɓarawo. Kuma shi ma ba kariya. Na hau ne kawai don kada in ba shi kunya a gabanku. Kujerar tana ƙasa-ƙasa, a shimfiɗe, ƙafata ta kai ba wanda ya kama ni. Na saba janye ƙafar dama don tsoron salansa, don akwai tabon ƙunarta a ƙaurina har yau. Na duba, babu salansa. Na ɗora kiret a cinya, ina jiran ya buga kik, sai na ga bishiya tana wucewa.

Shugaba, ƙwan nan ko motsi bai yi ba. Gwiwata da ke tsami in inji na karkarwa, shiru. Har muka shiga ramukan bayan kasuwa ina jin tsuntsaye, ina jin masu talla, kuma a karon farko ina jin Sannu-Sannu yana magana ba sai ya juyo ya ɗaga murya ba. Ya ce mini ya daɗe yatsunsa na mutuwa in ya wuni riƙe da kan babur, har cokali faɗuwa yake daga hannunsa. Ya ce rabin wahalarsa gidan mai ke cinye ta. Ya ce mai walda na kusa da tasha ya yarda ya riƙa ba shi wuta yana caji in ya tashi aiki. Shekaru ina zaune a bayan mutumin nan, ƙarar inji ba ta taɓa barin mu yi hira ba.

Muka dawo, na buɗe kiret a gabansu, suka ɗaga ƙwan ɗaya bayan ɗaya suna haska shi a rana. Ko tsagewa babu. Gani ya kori ji. Nan take gwajin ya canza. Wannan ya goya wancan, wani ya aro buhun gawayi ya ɗaura, Walƙiya ya je ya lallaɓo tela mai ƙiba na tsallaken titi ya ce a gwada da shi, in babur ya ɗauke shi to ya ɗauki kowa. Tela ya ce shi ma sai an biya shi kuɗin zama. Masu son dogon suka fara cewa da ma su ba su nace ba. Ban taɓa ganin tashar nan tana tambayar fasinja ya ya ka ji ba sai ranar.

Sannu-Sannu ya ce na batir ɗin yake so, in za a sa masa kariya. Mai walda ya leƙo ya ce kafin la'asar ya haɗa masa. Dillali ya daka tsalle ya ce duk wanda ya kusanto da wutar walda jikin babur ɗin nan, garanti ya tashi. Ya ce ai yana da tasa kariyar ta asali, mai faɗi, da noti ake ɗaure ta, tare suke zuwa. Na ce to tana ina? Ya ce shi ya ciccire su ya bari a shago, don wanda ya yi odar ya ce masu babur ɗin tashar nan ba 'yan dako ba ne, kariya muni take sa wa babur.

Na ce wa ya yi odar?

Kowa ya juya wajen bencinka. Makullinka na nan, kai ba ka nan. Wai an kira ka a waya.

Dillali ya yi alkawarin zai zo da kariyar a zuwansa na gaba, amma ya ce sai Shugaba ya kira shi ya warware maganarsa, don shi da Shugaba ya yi ciniki. Sannu-Sannu ya karɓi babur ɗinsa. Yanzu kullum da safe sai dai in ji sallamarsa a ƙofa, don ba na jin isowarsa, har na ce ya riƙa danna hon tun daga kwana kada ya sa mini hawan jini. Fuskarsa ta cika, ya ce hannun ya fara saki. Mutum biyu a tasharku sun ce irinsa za su karɓa, wasu sun tsaya a irin na da, kuma na ji yanzu ba mai zaɓa sai ya ɗora mutum a baya. Na yi murna, Allah ya sa albarka.

Amma cinyata kiret nawa za ta ɗauka? Har yau rabi nake kaiwa. Na faɗa wa mai burodi duk yadda aka yi, ya yi dariya har ya dafa bango. Ya ce zai jira, ba zai nemi wani ba, amma yana so ya ji daga bakin wanda ya hana kariyar yaushe za ta iso, don shi ma ya san yadda zai yi da tandarsa.

Na aika maka, ka ce kana taro. Na zo da kaina, aka ce yanzun nan ka fita. To ka ji da kyau. Ka ɗauki wayar nan da ba ta barin kunnenka ka kira dillali ya kawo ƙarfen mutane. Gobe da safe kuma ina jiran ka a ƙofar gidana. Ni zan hau bayan Sannu-Sannu da rabi, kai ka hau bayan Walƙiya ka rungume ɗaya rabin a ƙirjinka, mu bi ta bayan kasuwa. In mun isa, ka tsaya a gaban mai burodi da rigarka yadda ta koma, ka faɗa masa da bakinka wa ya ce mu ba kaya muke da shi ba, da ranar da za ka gyara. Ka zo ka amsa, Shugaba. In ba ka zo ba, a bencinka zan wuni da kajina.