Baren da Ya Zo Daga Randagi

"Ɗago ni, Mairo, kunun ba ya wucewa," in ji Inna Kadijatu.

Mairo ta tallabo maƙwabciyar tata, wadda ciwo ya mayar ƙashi da fata. Maƙwabtaka dai suna ne kawai a Tungar Haruna. Inna Kadijatu goggon Mairo ce, kuma yayar uwar mijinta. Kowa a ƙauyen, ya bi kakanninsa ta dama ko ta hagu, kan Haruna maharbi zai faɗo, wanda ya sari dajin.

'Ya'ya uku Mairo ta binne da ciwon sikila. Malamar asibiti a Birnin Gwari ta taɓa ce mata a riƙa gwada jini kafin aure, a kuma nemi bare. Gwaji kam, tunda 'yan bindiga suka tare hanya ba mai leƙa gari. Saura bare. Shi ya sa da Usman mai gyaran babur, ɗan Randagi, ya fito neman Karima, 'yarta ɗaya da ta rage, Mairo ta yi murna har da hawaye.

"Inna, ki daure ki ga bikin nan. Wannan karon ba na gida ba ne."

"Ɗan waye a Randagin?"

"Ɗan Jumare maƙeri."

Tsohuwar ta rufe ido. Mairo ta ɗauka barci ne.

"Jumare ɗan Huseina? Ai Huseina ƙanwata ce, ciki ɗaya. Ni na raka ta ɗakin miji a kan jaki, tun ba a haife ki ba. Kai, Allah Sarki. Jininmu ya dawo gida."

Murmushi take yi, don ita a wurinta albishir ne. Mairo ta tuna 'ya'yanta ukun da ta binne. Ta ci gaba da ba ta kunun, yana zuba a gefen baki.

Washegari da hantsi Inna Kadijatu ta cika. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, kowa ya zauna karɓar gaisuwa, babu mai yi, tunda duk masu rashin ne. Can sai ga Usman ya jingine babur, ya durƙusa a bakin zaure.

"Mama, ya haƙuri? Allah ya jiƙanta."

"Tashi, ɗana," in ji Mairo. "Ba kai za ka yi gaisuwa ba. Kai za a yi wa."

Bai gane ba, amma ya cire takalmi. Maza suka matsa masa wuri a tabarma. Daga cikin gida ana jin Karima tana dakan geron sadaka.