Yashin da Muka Buga wa Hatimi

Iskar safiyar irin wadda Kaho ke so ce, tana gangarowa daga duwatsu a hankali zuwa teku. A da, irin wannan iska takan tallafi igiyar ruwa ta miƙe sumul, ta riƙa karyewa kaɗan-kaɗan. Ranar kuwa ruwan ya taho a dunƙule, sai da ya iso gaɓa ya zube gaba ɗaya.

Kaho 'yata ce. Ta fito daga ruwan da allonta na hawan igiyar ruwa a hammata, ta same ni tare da Tsuneo, tsohon masunci, abokina tun ƙuruciya.

"Ina ya kai miki yau?" in ji Tsuneo. Mu nan da jikin mutum muke auna igiyar ruwa: gwiwa, ƙugu, ƙirji.

"Ƙirji, Kawu. Amma babu wurin hawa."

"To ki je ki hau kwamin wanka, shi ma ai ruwa ne."

Ba ta yi dariya ba. Idonta na kan jirgin da ke can nesa yana zuƙe yashi daga ƙasan teku. Tudun yashin da ke ƙarƙashin ruwa, wanda igiya ke karyewa a kansa, shi jirgin ya cinye cikin wata bakwai.

* * *

Ranar da kamfanin da ke da jirgin ya zo neman izinin kwasar yashin, gidaje talatin da ɗaya muka taru a zauren ƙauye. Al'adarmu, ba a ɗaga hannu, ba a ƙirga ƙuri'a. Takarda ake zagayawa da ita, daga babba zuwa ƙarami, kowa ya buga hatimin gidansa. Wanda bai yarda ba yakan buga nasa a karkace, shi ke nan ya faɗi ra'ayinsa.

Shekara talatin ina koya wa yara a aji cewa su tambayi abin da ba su gane ba. Da takardar ta iso gabana, na ga hatimin manya a jere, na ji kunya. Na karkata nawa kaɗan, na miƙa gaba. Ba wanda ya duba. Hatimi dai hatimi ne.

* * *

Kaho ita kaɗai ce cikin ɗalibaina da ta je birni ta dawo. Baƙi take koya wa hawan igiyar ruwa, kuma tun bazara ba wanda ya zo.

Muna cin shinkafa da gasasshen kifi ta ce, "Baba, na karɓi aiki a birnin Osaka."

"Ki ƙara haƙuri zuwa kaka. Iska ai tana nan lafiya lau."

"Baba, iska ake hawa?"

Na ce, "Na karkata hatimina fa."

"Na sani," ta ce a hankali, ta ƙara min shayi. Da ta yi faɗa, da ya fi min sauƙi.

Ranar Litinin na raka ta tashar mota. Tsuneo ya zo da ƙunshin busasshen kifi, yana cewa mutanen birni roba suke ci. Motar ta tashi, muka tsaya muna ɗaga hannu. Sai wata tifa ta fito daga wajen tashar jiragen ruwa, maƙil da yashi, ta bi bayanta, ruwan teku na ɗiga daga gindinta a kan kwalta.