Banɗakin da Yaya Ya Kulle

Ƙarfe huɗu na yamma ne, hadari ya haɗo tun azahar ya tsaya cak ya ƙi zubarwa, garin ya yi luf kamar an kife shi da murfin tukunya. Ina hawa matattakalar benenmu da ledar sabulu a hannu, sai tsohuwar da ke sashen ƙasa ta leƙo. Gwaggon Ƙasa muke ce mata. Ta toshe hanci da gefen mayafinta.

"Auta, tsaya. Don Allah me ya mutu a sashenku?"

"Ni ma nema nake, Gwaggo."

"Sati nawa kana nema? Anya ba kai ne ka mutu ba ka sani ba?"

Na yi murmushin yaƙe na wuce, don washegari Yaya zai dawo.

Sashen na Yaya ne. Yayana duba-gari ne, aikinsa bin kasuwa da gidajen abinci da kwatoci yana rubuta wa mutane takardar gargaɗi. A gida ma bai iya ajiye aikin ba. Yakan shafa yatsa a saman ƙofa ya duba, ya nuna maka yatsan bai ce komai ba. Ni kuwa mai faci ne. Shekara biyu ina kwana a shago, kan benci, tsakanin tsofaffin tayoyi, sauro na yi mini hira. Da aka tura Yaya kwas na sati goma, matarsa, wadda nake ce wa Anti, ta ɗauki jaririnsu ta tafi wajen mahaifiyarta. Sai Yaya ya kira ni ya nuna mini ƙaramin ɗakin da ke kusa da kicin.

"Ka zauna nan ka kula da gida. In na dawo na tarar da shi yadda na bari, ɗakin ya zama naka. In na ga ko ƙuda ɗaya, ka koma cikin tayoyinka."

Ɗakin yana da fanka da taga mai raga. Ban taɓa son wani abu a duniya kamar ɗakin nan ba.

Ya liƙa takarda a bayan ƙofa, dokoki goma sha biyu. Karatuna bai yi nisa ba, sai da na kwana biyu ina haɗa su, amma ta bakwai na haddace ta: kada a taɓa banɗakin ɗakina. Ni an bar mini ƙaramin banɗakin baƙi. Nasa ya kulle, ya jefa makullin a aljihu a gabana.

Sati na farko lafiya lau. Ina share gida safe da yamma, ina cire takalmi tun daga matattakala, ko man injin da ke farcena sai na kankare shi a shago kafin in dawo. A sati na biyu na fara jin wani abu kaɗan, kamar an bar tsumma a jiƙe. Na wanke tsummokara duka. A na huɗu abin ya yi ƙarfi, na ce ɓera ne. Na ja firji, na ɗaga kujeru, na zazzage buhun shinkafa a kan tabarma na mayar. Ba ɓera. Na wanke kwandon shara har ya canza launi. Wata rana ma na zauna na shinshina rigunana ɗaya bayan ɗaya, don mutum ba ya rasa zargin kansa.

A sati na shida wasu ƙananan ƙudaje masu gashi suka fara fitowa ta ƙarƙashin ƙofar ɗakin Yaya, a hankali, kamar masu fita shan iska. Kyankyasai suka biyo baya. Na buɗe ɗakin, na durƙusa a bakin ƙofar banɗakin, na ja numfashi sau ɗaya. Sai da na je baranda na zauna.

Na kira shi a waya.

"Yaya, ina ganin daga banɗakinka ne."

"Daga ina?"

"Banɗakinka."

"Auta, banɗakina za ka iya cin abinci a ƙasansa. Ka duba naka. Ka duba kanka ma."

"Ko in kira kafinta ya cire ƙofar?"

"Ka karanta lamba bakwai."

Na sa tsumma na toshe ƙasan ƙofar, na ƙarar da gwangwanin turaren fesawa huɗu. Warin bai tafi ba, ya dai samu aboki. Masu sashen kusa suka daina shanya a barandarsu. Yaran gidan suka sa mini suna Turare. A daren ƙarshe na haɗa kayana a jaka na ajiye a bakin ƙofa, don kada a ce sai an jira ni.

Yaya ya iso da hantsi. Tun daga matattakala na ji takunsa ya tsaya, ya ci gaba, ya sake tsayawa. Ya shigo da hankici a hanci. Ya dubi jakata, ya dube ni.

"Gara da ka sauƙaƙa wa kanka."

Ya shafa saman ƙofa, yatsan ya fito fes. Ya leƙa kicin, ya leƙa banɗakin baƙi, ya ɗaga murfin kwandon shara. Na ga ransa bai so hakan ba. Ya ce, "Zo in nuna maka yadda ake barin banɗaki, ko don gaba." Ya ciro makulli, ya ture tsummana da ƙafa, ya buɗe.

Ba zan faɗi duk abin da muka gani ba. Murfin masan a rufe yake, Yaya ya ɗaga shi da kan biro. Ruwan da ke kwanciya a ƙasa ya ƙafe tuni, abin da aka bari a ciki ya bushe ya kama jikin farin tangaran kamar siminti, baƙin zobe ya kewaye shi. Da ruwan ya ƙafe kuma sai hanya ta buɗe, iskar babban rami ta dinga tasowa kai tsaye, ƙwari na hawowa abinsu. Bango ya yi ɗigo-ɗigon baƙi. Tawul ɗinsa fari da ke rataye ya zama ruwan ƙasa.

Yaya ya juyo da sauri. "Ta ina ka shiga?"

"Yaya, makulli ɗaya ne."

Ya dubi makullin a tafin hannunsa. Ya kai hannu ya danna hannun tankin. Ƙwas, ba ruwa. Sai na ga fuskarsa ta fara sauka a hankali, ni ma a daidai lokacin ranar tafiyarsa ta dawo mini.

Yaya yana da tsari in zai yi tafiya. Yakan je baranda ya rufe kan famfon da ke ba banɗakinsa ruwa, don kada bututu ya fashe ba ya nan. Sannan ya danna tankin ya zubar da ruwan ciki duka, don kada sauro ya yi ƙwai. Ranar ya yi duk wannan, ya kulle, mun sauko da akwati, direba ya buɗe but ɗin mota. Sai ya dafe ciki ya ce, "Ina zuwa." Ya koma sama da gudu. Direban ya dinga danna ham kamar ana biyansa. Yaya ya sauko yana ɗaura bel, ya ce mini, "Lamba bakwai," ya shige mota.

"Na danna," in ji shi, da ƙaramar murya. "Wallahi na danna."

"Na yarda, Yaya."

"Na ce zan kira ka daga hanya in faɗa maka."

"Ka kira ni. Ka ce in dinga goge bayan talabijin."

Ya zauna a bakin gado. Ban taɓa ganin Yaya ya zauna a gado da kayan tafiya ba. Can ya dubi agogo ya miƙe zumbur. Anti da mahaifiyarta za su iso da la'asar.

Muka buɗe tagogi, na kunna ruwa a baranda. Tankin ya fara cika, sai ga ruwa na tsiyaya ta ƙasansa, robar ciki ta bushe ta tsage. Muka koma jido da bokiti daga kicin. Bokiti shida, abin ko gezau. Yaya ya sa takunkumi biyu da safar hannu, ya kama buroshi, buroshin ya karye.

"Sai an kira mai famfo," na ce.

"Ba na kan kwana ba."

"Shi kaɗai ne kusa."

Mai famfon da ke kan kwanar layinmu, Yaya ya taɓa rubuta masa takardar gargaɗi har sau biyu saboda kwatar gaban shagonsa. Ya zo da jakar kayan aiki, ya tsaya a ƙofar banɗakin, ya daɗe yana kallo, hannu a baya.

"Ranka ya daɗe, wannan wane gidan abinci ne?"

Yaya ya gyara takunkuminsa.

"Shekara ashirin ina wannan aiki. Na ga na tasha, na ga na makaranta. Wannan kam na mai ilimi ne." Ya juyo gare ni. "Ƙane, ara mini biro da takarda. Kwana nawa ake bayarwa ne, ranka ya daɗe, bakwai ko uku?"

"Malam, ka yi aikinka."

"Yanzu kuwa. Ai mu masu kwata mun saba."

Ya zuba wani ruwa mai hayaƙi, ya ce a bar shi ya ci, sannan ya miƙa wa Yaya wani ƙarfe mai faɗin baki ya ce hannunsa na ciwo. Yaya ya durƙusa ya kankare da kansa, ni ina zuba ruwa ina wanke bango. Mai famfo ya canza robar, ya shafa gam a bakin bututu, ya je baranda ya sake rufe ruwan.

"Kar a buɗe sai gobe da safe, gam ya bushe." A bakin ƙofa ya tsaya. "Kwatata tana gaishe ka."

Da la'asar su Anti suka iso. Gidan na ƙamshin asibiti, a ƙarƙashin ƙamshin kuma tsohon baƙon namu bai gama tafiya ba. Mahaifiyar Anti ta ja hanci ta rufe fuskar jariri.

"Me ya faru a gidan nan?"

Yaya ya juyo ya dube ni. Tsohuwar nan tana ji da shi, ko'ina ta je sai ta ba da labarin tsaftar surukinta.

"Mama, robar tanki ce ta bushe," na ce. "Ruwa ya ƙafe, iskar rami ta taso. An gyara."

Ban yi ƙarya ba, na dai bar wani abu a ciki, kamar yadda aka bar mini. Tsohuwar ta ce ai kayan zamani ba su da ƙarko, ta wuce falo. Anti ba ta wuce ba. Ta dubi tawul ɗin da ke cikin kwandon shara, ta dubi gwiwoyin wandon mijinta da suka jiƙe.

"Auta, makullin banɗakin a hannun wa yake?"

Na dubi fanka.

"To," in ji ta. Ta cije leɓe, kafaɗunta na rawa, ta shige ɗaki da sauri. Muna jin dariyarta ta cikin filo.

Yaya ya tsaya a tsakiyar gida yana neman abin faɗa. Idonsa ya sauka kan jakata.

"Wannan me take yi a hanya? So kake wani ya yi tuntuɓe da jariri a hannu? Mayar da ita ɗakinka."

Na ɗauka na mayar. Da na fito, takardar bayan ƙofa tana nan, sai dai an yage ta daga ƙasan lamba shida.

Hadarin ya zubar cikin dare. Da safe ina baranda ina shan shayi kafin in tafi shago, iska mai sanyi na kaɗawa, Gwaggon Ƙasa ta fito tsakar gida ba mayafi a hanci. Na ji Yaya ya shiga banɗakinsa ya turo ƙofa. Aka jima. Sai na ji ta ƙaramar tagar banɗakin, ƙwas. Shiru. Ƙwas, ƙwas.

Na ajiye kofin, na sunkuya na murɗa kan famfon. Ruwa ya fara shiga tanki da ɗan kukansa. Na koma na ɗauki shayina.

Da ya fito yana goge hannu, ya biyo ta baranda, ya dubi sama, ya dubi ƙasa.

"Kofin nan zai bar zobe a kan dakali," in ji shi, ya wuce.