Cinyar Tobiya

Tobiya Elias ya fi kowa gudu a ƙungiyar ƙwallo ta Taurarin Yelwa, duk Jalingo an san haka. A daminar 1996, ranar wata Laraba suna atisaye, ya ji cinyarsa ta hagu tana ja masa ta baya. Ya gaya wa kocinsu, Manga. Manga ya ce ragwanci ne, ya sa shi wasa ranar Asabar ƙarfi da yaji. Minti ashirin da farawa Tobiya ya bi wata doguwar ƙwallo, sai ya ji kamar an tsinka igiya a bayan cinyar. Ya faɗi yana cizon ciyawa.

Ba ciwon ne ya fi ƙona masa rai ba. Bayan sati biyu ya ɗingiso fili da sanda, ya tarar an ba Peter, ɗan ƙanwar Manga, rigarsa mai lamba tara. Manga ya dube shi a gaban kowa ya ce ƙungiyarsa ba asibiti ba ce, ya koma gida ya taya ubansa noman doya. Aka yi dariya, har da waɗanda suka saba cin tuwo a gidansu Tobiya. Daga baya Lawali mai tsaron gida ya tsegunta masa cewa Manga ya daɗe yana neman hanyar buɗe wa Peter wuri.

Mahaifiyar Tobiya ce ta kai shi wurin Mama Alisabatu a unguwar Kachalla Sembe, tsohuwar nas da ta yi shekaru a wani asibitin mishan. Da Turawan za su tafi sun bar mata wani inji mai kama da akwatin rediyo, da waya da wani faffaɗan zobe na roba da ake zura ƙafa a ciki. Ta ce masa ƙarfin maganaɗisu injin yake turawa cikin tsoka, ya buga ya tsaya, ya buga ya tsaya, kuma ba zai ji zafi ba. Ta kuma gargaɗe shi cewa injin taimako kawai yake yi, sai ya haɗa da hutu da miƙe ƙafa a hankali, sati takwas cur.

Kullum da safe yana kwance rubda ciki rabin awa, injin yana ƙis-ƙis kusa da kunnensa. In an ɗauke wuta ya zauna ya jira, ko da za a kai azahar. Mama Alisabatu ta ɗauka haƙuri ne da shi. Ba ta san cewa duk bugun da injin ya yi, fuskar Manga yake gani ba.

A sati na biyar aka haɗa Taurarin Yelwa da wata ƙaramar ƙungiyar manoma ta Iware a gasar cin kofi. Washegari Tobiya ya hau mota zuwa Iware ya ce su ɗauke shi, ba ya son ko sisi. Da labari ya kai wa Mama Alisabatu, sai ta tsare shi a bakin ƙofa.

"Ɗana, naman nan bai gama haɗuwa ba. In ka yi gudu a kansa, zai sake tsagewa."

"Mama, minti casa'in kawai nake roƙonsa."

Ranar wasa fili ya cika. Ƙwallo ta farko da kai ya ci ta, bai yi murna ba, ya koma tsakiya kansa a sunkuye. Ta biyu ya yanke masu tsaron baya biyu ya ɗora ta a lungu. Peter kuwa sau uku yana samun dama yana harba ta sama, har magoya bayan Yelwa suka fara kiran sunan Tobiya suna zagin nasu kocin. Ana saura minti goma cinyar ta soma ja. Kocin Iware ya ɗaga hannu zai canza shi, Tobiya ya juya masa baya. Da aka sako wata ƙwallo ta bayan 'yan Yelwa ya bi ta da duk abin da ya rage masa. Ya ji tsokar ta tsinke tun kafin ya buga, amma ya buga, ta kuwa shige ƙarƙashin Lawali.

Bai yarda a ɗauke shi ba. Ya ja ƙafar har gaban bencin Manga, ya tsaya yana haki.

"Koci, ka ƙirga? Uku ne."

Manga bai ɗago ba. Cikin satin masu ƙungiyar suka sallame shi, shi da Peter.

Mama Alisabatu ta sake zura masa zoben wata uku, kwanakin farko ba ta ko amsa gaisuwarsa. Ƙafar ta warke iya tafiya, gudu kuwa ya tafi ke nan. Tobiya ya buɗe shagon faci a hanyar Iware, ya yi aure, ya yi ƙiba.

Bayan shekara uku mahaifinsa ya rasu. Cikin masu zuwa ta'aziyya har da Manga, ya rame, furfura ta fito masa. Ya bi layi yana gaisawa da dangi har ya iso gaban Tobiya, ya miƙa hannu. Tobiya ya dubi hannun, ya ce wa matarsa ta kawo wa baƙo ruwa, sannan ya juya ga wanda ke bayan Manga a layi.